JAWABI BISA GULBIN ARWARI: YADDA MUTANEN ƘAUYE SUNKA MAIDO DA RUWAN DA YA ƘAFE



Jawabin yau bisa wani gulbi ne mai suna Arwari. Yana can ƙasar Indiya, cikin jihar Rajastan, yankin Alwar. Ƙaramin gulbi ne, tsawonshi kamar kilomita 45. Ya yi shekara kusan 60 ba ya gudu, sai kwanaki kaɗan cikin damana. Cikin shekara ta 1995 ya koma yana gudu damana da rani. Mutanen ƙauyukan da ke bakinshi su ne sunka yi wanga aiki, da diga da kwando. Ga yadda abin ya faru.

YADDA GULBIN YA MUTU

Ƙasar Alwar ƙasar duwatsu ce, mai zafi. Ruwan sama na zuwa cikin wata uku ko huɗu, kamar damanar Nijar. Sauran watanni duk rani ne.

Tun zamanin kakanni, mutanen wurin suna da dabarar tsare ruwan sama. Sai su duba gangaren da ruwa ke bi, su tare shi da bangon ƙasa mai siffar rabin wata. In anka yi ruwa, sai ya taru bayan bangon, ya zama tabki. Da harshensu ana ce ma wanga tabki johad. Dabbobi na sha ciki, amma babban amfaninshi ba a ganin shi da ido. Ruwan da ya kwanta yana nutsewa sannu sannu cikin ƙasa, ya shiga yashi da tsagar duwatsu, ya sauka har inda rijiyoyi ke samun ruwansu.

Daga baya anka sake da wannan dabara. Anka sare itacen da ke bisa duwatsu. Da babu itace, ruwan sama ya riƙa gangarowa da ƙarfi, yana kwaso ƙasa yana cike tabkuna. Ba wanda ya yashe su. Kuma injin jan ruwa ya shigo. Mai hali ya haƙa rijiya mai zurfi, ya sa inji, yana ja dare da rana. Ana ɗiba, ba a zubawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta sauka har rijiyoyin talakawa sunka bushe.

A nan ya kamata kowa ya gane abu guda. Ruwan da gulbi ke gudu da shi cikin rani ba daga sama yake zuwa ba. Daga ƙasa yake tsattsafowa. In ƙasa ta ƙoshi da ruwa, sai ta riƙa ba gulbi kaɗan kaɗan har damana ta zagayo. In ƙasa na jin ƙishirwa, gulbi ba ya samun komi. Abin da ya kashe Arwari ke nan.

Wahala ta sauka bisa kowa. Gonaki sunka daina ba da abinci. Maza sunka tafi cin rani cikin manyan birane. Mata da ƴan mata sunka riƙa tafiya mai nisa da tulu bisa kai. Makiyaya sunka rasa mashaya.

SHAWARAR DATTIJO

Ran 2 ga watan Oktoba na shekara ta 1985, samari biyar ƴan makaranta sunka shiga motar haya daga birnin Jaipur. Ba su sauka ba sai inda mota ta ƙare tafiyarta, wani ƙauye mai suna Kishori. Ƴan wata ƙungiyar matasa ne da ake kira Tarun Bharat Sangh. Shugabansu Rajendra Singh, wanda ya yi karatun magani irin na gargajiyar Indiya. Niyyarsu su ba mutane magani, su koya ma yara karatu.

Rajendra Singh ya fara aiki cikin ƙauyen Gopalpura. Ana nan sai wani dattijo na ƙauyen ya nuna mashi cewa abin da ya fi damun gari shi ne ruwa, kuma in da gaske taimako ya zo yi, ga tsohon tabki can ya cike, sai ya ɗauki diga. Saurayin ɗan makaranta ne, dattijon bai yi karatu ba. Amma saurayin ya saurara. Abokan tafiyarshi sunka ga ba wannan aiki ya kawo su ba, sunka koma. Shi ya tsaya yana gina. Ya yi watanni yana yasar tabkin, mutanen gari sunka fara kama mashi.

Da ruwa ya sauka, tabkin ya cika. Bayan wani lokaci, rijiyoyin da ke kusa, waɗanda sunka daɗe a bushe, sunka kawo ruwa. Daga nan ba a sake neman mai dogon bayani ba. Kowa ya gani da idonshi.

AIKIN GAYYA

Cikin shekara ta 1986 ƴan ƙungiyar sunka bi ƙauyuka da ƙafa, suna ba da labarin Gopalpura. Ƙauye bayan ƙauye ya ce shi ma yana so.

Ƙungiyar ta sa sharaɗi. Ba ta gina ma kowa tabki kyauta. Sai gari ya taru, kowane gida ya aiko mutum guda, a yi shawara. Mutanen gari ke zaɓen wurin da za a tare ruwa, don su sunka san inda yake bi. Kuma tilas gari ya ɗauki rabonshi na aikin, ko da ƙarfin jiki, ko da kuɗi, ko da kayan aiki. Dalilin sharaɗin a fili yake: abin da mutum ya yi ma gumi, ba ya barin shi ya lalace.

A Indiya mutane sun kasu jinsi jinsi tun daga haihuwa, kuma sau da yawa wani jinsi ba ya cuɗanya da wani. Cikin wanga yanki akwai Mina, waɗanda galibinsu manoma ne. Akwai Gujjar, masu kiwo. Akwai masu gona babba, akwai waɗanda ba su da ko taki guda. Ruwa bai san wannan rabo ba. In rijiyar manomi ta bushe, mashayar makiyayi ma ta bushe. Don haka sunka haɗu wurin aiki guda. Tsofaffi na nuna hanyar ruwa da yadda kakanni ke daɓe bango. Samari na gina. Mata na ɗaukar ƙasa cikin kwanduna bisa kai, su da sunka fi kowa sanin nauyin tulu. Ƴan makarantar da sunka zo daga birni na rubuta lissafi, suna neman gudummawa daga waje.

Aikin bai tafi babu cikas ba. Cikin shekara ta 1987 ma'aikatar ban ruwa ta jihar ta aiko takarda cewa an yi ginin Gopalpura ba bisa doka ba, a rushe shi. Mutanen gari sunka ƙi. Da anka ga amfanin da yake yi, anka bar shi.

Can sama, inda gulbin ke farawa, akwai ƙauyuka biyu maƙwabta, Bhaonta da Kolyala. Su ma sunka tare ruwa. Kuma sunka gane tabki ba ya daɗewa in dutsen da ke samanshi tsirara yake. Sai sunka sa ma kansu doka: ba mai shiga daji da gatari, busasshen icce kaɗai za a ɗauka, wanda ya sari ɗanye ya biya tara. Daji ya fara komowa.

GULBI YA TASHI

Abin lura shi ne, ba wanda ya fara aikin da niyyar tada gulbi. Kowane ƙauye rijiyarshi yake nema. Amma tabkuna sunka yi ta ƙaruwa, har sunka kai wajen 375 cikin kwarin Arwari. Kowane na zuba ruwa cikin ƙasa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hawa.

Cikin shekara ta 1990 anka ga Arwari ya ci gaba da gudu bayan damana ta wuce. Shekara ta zagayo, ya ƙara daɗewa. Haka ya yi ta ƙarawa, wata bisa wata, har shekara ta 1995 da ya kai wata goma sha biyu bai yanke ba. Sannu ba ta hana zuwa: shekara goma ke nan daga ranar da anka ɗauki diga a Gopalpura.

Gonaki sunka koma ba da gero da damana, alkama da sanyi. Da yawa cikin waɗanda sunka tafi cin rani sunka komo gida. Tafiyar mata wajen ruwa ta ragu. Kifi ya bayyana cikin gulbi. Wasu ƙananan gulabe na yankin, kamar Ruparel da Sarsa, su ma sunka tashi ta wannan hanya.

RUWA YA ZO, GARDAMA TA ZO

Lokacin da gulbi ke bushe, ba mai riƙe da shi. Da ruwa ya komo, masu so sunka yi yawa. Cikin shekara ta 1996 ma'aikatar kifi ta jihar ta ba wani ɗan kasuwa daga waje iznin kamun kifi cikin Arwari, ba a shawarci kowa ba. Mutanen ƙauyen Hamirpura sunka tsaya sunka ce ba su yarda ba. Anka yi watanni ana ja-in-ja. Daga ƙarshe anka soke iznin.

Wannan ya sa sunka yi tunani. Baƙo na iya cin gulbin, amma ɗan gari ma na iya cin shi. In mutum guda na sama ya sa inji ya shanye ruwa, na ƙasa ya rasa. In kowa ya shuka abin da ke shan ruwa da yawa, aikin shekara goma ya tafi banza.

Don haka ƙauyuka kusan 70 sunka kafa majalisar gulbi. Ta zauna a Hamirpura cikin shekara ta 1999. Kowane ƙauye ya aiko wakilanshi, anka shirya a riƙa haɗuwa sau biyu a shekara. Ga wasu daga cikin dokokin da sunka sa ma kansu:

1. Kada a shuka rake ko shinkafa, don suna shan ruwa da yawa.
2. Kada a ja ruwan gulbi da inji zuwa gona in zafi ya kama, bayan bukin da suke yi wajen watan Maris.
3. Kada a sari ɗanyen icce.
4. Kada a saida ma baƙo filin bakin gulbi.

Majalisar ba ta da soja, ba ta da gidan kaso. Ƙarfinta shi ne kowa na nan lokacin da anka yanke magana, kuma kowa na jin kunyar maƙwabcinshi.

Labari ya kai nesa. Cikin watan Maris na shekara ta 2000, shugaban ƙasar Indiya na lokacin, K. R. Narayanan, ya zo da kanshi har Hamirpura, ya miƙa ma mutanen Bhaonta da Kolyala lambar yabo. Cikin shekara ta 2015 anka ba Rajendra Singh babbar kyautar ruwa ta birnin Stockholm, ƙasar Suwidin.

ABIN DA YA SHAFI MAI SAURARE

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Nijar. Tun daga shekara ta 1984, mutanen Keita, cikin Adar, sun yi irin wanga aiki da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta duniya. Galibin ma'aikatan mata ne, ana ba su abinci ladan aikin yini. Sun jera duwatsu bisa gangare, sun tare koramu, sun dasa itace, ƙasar da ta zama fako ta koma gona. Wanda ya taɓa gina rabin wata cikin gonarshi ya riga ya san asirin johad. Girma ne kawai ya bambanta.

Ba kowane gulbi ke tashi kamar Arwari ba. Ƙasa ta bambanta, ruwan sama ya bambanta. Wani gulbin ma daga wata ƙasa yake fitowa, kamar Gulbin Maraɗi da ke zuwa daga Nijeriya, inda maganarshi ta wuce ƙarfin ƙauye guda. Amma ko gulbi bai gudu ba, ruwan da anka tsare yana zuwa rijiya, yana zuwa fadama.

Tare babbar korama ba aikin gaggawa ba ne. Bangon da anka yi ba daidai ba yana iya fashewa, ya ci gonakin na ƙasa. Garin da ke da niyya ya fara da ƙananan hanyoyin ruwa na can sama, kuma ya nemi shawarar ma'aikatan gona da na ruwa da daji kafin ya taɓa babba.

Ga tambayoyi huɗu da ya kamata kowane gari ya zauna bisa kansu kafin damana:

Ina ruwan sama ke bi in ya sauka bisa tudun gari, kuma ina yake tafiya?

Wane tabki ne tsofaffi sunka sani da ruwa, yanzu ya cike da yashi?

Su wa ke sha daga kwari guda da garin, na sama da na ƙasa, manoma da makiyaya, kuma yaushe rabon da a zauna da su?

In ruwa ya samu, wace doka za ta tsare shi?

A kira tsofaffi, a kira mata, a kira masu dabbobi, a ji ta bakin kowa. Mutanen Gopalpura da tabki guda sunka fara.