Renon Ƙananan Sana'o'i a Rugage: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Sa Hannu

(Jawabin da aka gabatar gaban wakilan ƙungiyoyin makiyaya da mata masu sana'ar nono)





Batun da aka ɗora mana mu yi magana kansa yau shi ne wani tsarin taimako da ya shigo ƙasashenmu, wanda za mu kira renon sana'a. Da yawa cikinku kun ji labarinsa a rediyo, waɗansu kuma ƴaƴanku da suka yi lakkol sun zo muku da takardu suna neman izinin shiga. Tambayar da ake yi mana ita ce: abin nan alheri ne, ko kuwa wani furoje ne da zai zo da motoci, ya yi shekara biyu, ya tafi ya bar mana allo a bakin hanya? Amsarmu ita ce akwai alheri cikinsa, amma ba a jikin makiyayi aka gwada rigar ba. Sai an gyara ɗinkin kafin ta zauna mana.

Mene ne renon sana'a?

Turawa sun ba abin sunaye biyu. Ɗaya sun aro shi daga injin ƙyanƙyasar ƙwai, watau gidan da ke karɓar mutum tun sana'arsa tana cikin kai, ya ba shi wurin zama da shawara har ta fito fili. Ɗayan sun aro shi daga abin da direba ke takawa mota ta ƙara gudu, watau shirin da ke ɗaukar wanda ya riga ya fara, ya tura shi ya girma da sauri.

Wannan na biyu a Amurka ya yi suna. A 2005 wani kamfani mai suna Y Combinator ya soma zaɓen matasa rukuni-rukuni, ya ba su ɗan jari, shi kuma ya karɓi wani kaso na mallakar sana'arsu. Ana horar da su wata 3, ranar ƙarshe kowa ya tsaya gaban masu kuɗi ya yi bayanin abin da ya ƙera, wanda ya ga riba ya zuba dukiyarsa. Ku lura, don masu aikin kwamfuta aka tsara shi, waɗanda hajarsu ba ta tsami, ba ta kuma jin ƙishirwa.

Daga baya tsarin ya iso Afirka ta Yamma. An buɗe CTIC a Dakar a 2011, an buɗe CIPMEN a Yamai a 2014. A 2015 gidauniyar Tony Elumelu ta Najeriya ta ware dala miliyan 100 ta Amurka don tallafa wa masu ƙananan sana'o'i 10,000 a Afirka cikin shekara 10, kowa dala 5,000 bayan horo na mako 12.

Cikin waɗanda irin waɗannan shirye-shirye ke nema, akwai mai sana'ar da ke neman riba amma sana'ar tasa tana magance wata matsala ta jama'a. Mu irin wannan mutum ba baƙo ba ne a gare mu. Yaron da ke zagaya rugage da babur yana tara madara, matar da ke yin cuku tana sayen madarar maƙwabtanta, saurayin da ya koyi allurar bisashe, mai ajiye dusa tun kaka don ya sayar da rahusa da bazara, duk su ne. Abin da ba su da shi abu uku ne: jari, ilimin lissafin sana'a, da hanyar shiga babbar kasuwa. Waɗannan ukun su ne gidan reno ke alkawarin bayarwa.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Saboda madara. Kowa ya san da damana madara takan yi yawa har ta rasa mai saye, a lokacin kuwa garke ya yi nisa da gari. Da rani birni yana neman madara, saniya kuma ba ta da abin ba maraƙinta balle ƙwarya. Wannan giɓi shi garin madara na waje ya cike. Tsarin kwastan na bai-ɗaya da CEDEAO ta soma aiki da shi a 2015 ya sa wa garin madara na manyan buhuna haraji 5 cikin 100 kawai. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta cire iyakar da ta sa wa manomanta kan yawan madarar da za su tatsa. Wani garin ma an cire masa man shanunsa an maye shi da man kwakwar manja, shi ya sa ya fi araha. Dalilin ke nan da ƙungiyoyin makiyaya da na manoma, irin su APESS da Billital Maroobe, suka fito da kiran kare madarar gida a 2018.

To amma kira kaɗai ba ya kai madara birni. Sai an samu mai tarawa, mai sanyayawa, mai dafawa, mai sayarwa. In ba ƴaƴanmu suka riƙe waɗannan matakai ba, wani zai riƙe, mu kuma mu tsaya a tatsa kawai.

Darasi daga maƙwabta

A Muritaniya, wata injiniya haifaffiyar Ingila mai suna Nancy Abeiderrahmane ta buɗe masana'antar madara a Nuwakshot a 1989, wadda daga baya aka san ta da suna Tiviski. Ita ce ta fara dafa madarar raƙumi ta zuba cikin kwali don sayarwa a Afirka. Da farko makiyaya sun ƙi sayar mata, domin a wurinsu sayar da madara abin kunya ne, kyauta ake bayar da ita. Sannu a hankali aka saba. Kamfanin ya buɗe wuraren tara madara a Roso da Boge, bakin kogin Senegal, ya riƙa ba makiyaya abincin bisashe da magani bashi, ana cirewa daga kuɗin madara. Har cukun raƙumi ya yi, amma dokokin Tarayyar Turai suka hana shi shiga kasuwarsu. Ke nan haja mai kyau ba ta isa ba, sai ka san ƙofar da za ta bi.

A Senegal, wani likitan dabbobi, Bagoré Bathily, ya kafa Laiterie du Berger a garin Richard-Toll a 2006, don sayen madarar Fulanin arewacin ƙasar. Shi ya samu irin taimakon da muke magana kansa. Kamfanin zuba jari na Investisseurs & Partenaires ya shiga tun farko, a 2008 asusun danone.communities ya biyo baya, sannan gidauniyar Grameen Crédit Agricole. Waɗannan ba kyauta suka ba shi ba, hannun jari suka saya, suka kuma turo masa gwanayen haɗa yawur da gwanayen talla. Duk da haka masana'antar ta yi shekaru ba ta ga riba ba. Da rani garke yakan tafi neman ciyawa, madara ta ragu, dole ta haɗa da garin madara don kada injuna su tsaya, ta kuma shiga sayar wa makiyaya abincin bisashe don a bar ƴan shanun tatsa kusa. Yau yawur ɗinta mai suna Dolima sananne ne a Senegal. Abin da ya tsirar da ita shi ne masu jarin sun yi haƙuri.

A Indiya ma, ƙungiyar masu madara ta garin Anand, wadda ta haifi Amul, an kafa ta a 1946. Babban shirin yaɗa irinta a ƙasar ya soma a 1970, kuma sai wajen 1998 Indiya ta zama ta farko a duniya wajen yawan madara. Masu shanun su ne masu ƙungiyar. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan kusa, a Hamdallaye da Kollo, ƙungiyoyin makiyaya sun riƙe wuraren tara madara da ke sanyaya ta su kai masana'antun Yamai. Duk wanda ke son fara irin wannan sana'a, ya je can ya gani da idonsa kafin ya cika takarda.

Inda rigar ba ta zauna ba

Na farko shi ne lokaci. Saniya tana ɗaukar ciki wata 9, karsana kuma takan kai shekara 4 kafin ta yi haihuwar fari. Horon wata 3 bai ma isa mutum ya ga damana da rani ba. Wanda aka auna sana'arsa a watan Agusta za a ce gwani ne, in aka dawo a watan Afrilu a ce ya faɗi.

Na biyu shi ne wuri da harshe. Yawancin shirye-shiryen nan a babban birni suke, ta intanet ake neman shiga, da Faransanci ko Ingilishi. Matar da ta shekara 20 tana sana'ar nono, ta san kowane mai saye da sunansa, ba za ta ko ji labari ba. Wanda zai samu shi ne ɗan birni mai iya tsara magana, ko da bai taɓa riƙe ƙwaryar tatsa ba.

Na uku shi ne irin kuɗin. Bashin da ake biya kowane wata daidai wa daida ya dace da mai albashi. Mai madara kuɗinsa da yanayi yake zuwa. In fari ya faɗo, kamar yadda muka gani a 1973 da 1984 da 2010, mai bin bashi ba ya jira, sai a sayar da uwar garke a biya shi.

Na huɗu shi ne iyayenmu mata. A al'adar yawancinmu madara ta mace ce, da kuɗinta take sayen hatsi da sabulu da maganin yara. An lura a wurare da dama cewa da zarar an buɗe wurin tarawa, kuɗi suka yi kauri, sai maigida ya zama shi ke kai madara, shi ke karɓar kuɗi. Sana'ar da ta ƙwace wa mace ƙwaryarta ba ta taimaki jama'a ba, ko nawa ta ci riba.

Ma'auninmu

Ƴan uwa, mu ma muna da namu renon tun kaka da kakanni, watau habbanaye. Mai shanu yakan ba wanda ba shi da su aron karsana, ya kiwata ta, ya sha madararta, ya riƙe maruƙan da ta haifa, a waɗansu wurare har haihuwa uku, sannan ya mayar da uwar. Ku dubi hikimar da ke ciki. Jari ne mai haihuwa, wa'adinsa da haihuwar saniya ake ƙidaya shi, mai bayarwa ya san mai karɓa yana kuma leƙa shi, kuma in ƙaddara ta faɗa wa dabbar ba da sakaci ba, ba a kai mutum ƙara. Da wannan ma'auni za mu auna duk wanda ya zo mana da maganar reno.

Saboda haka muna ba ƙungiyoyi shawara, kafin kowa ya sa hannu, a yi waɗannan tambayoyi:

1. Shekara nawa za ku zauna da mu? Abin da bai kai damana biyu da rani biyu ba, horo ne kawai.
2. Da wane harshe za a koyar, kuma a ina? Muna son Hausa, Fulatanci, Tamashek, Zabarmanci, a ranar kasuwa, kusa da ruga.
3. Kuɗin kyauta ne, bashi ne, ko hannun jari? In bashi ne, a ɗage biya da rani. In hannun jari ne, a faɗi kaso nawa, da yadda za mu fanshe shi.
4. Wa zai sayi hajar? A kawo mai saye a zauna da shi, a rubuta farashin damana da na rani.
5. In injin sanyi ko farantin hasken rana ya lalace, wa zai gyara, ina ake samun kayan gyara?
6. Da sunan wa za a rubuta madara? A rubuta sunan mai ƙwarya, kuɗi su shiga hannunta.
7. Ranar da kuka tafi, kayan aiki na wane ne?

Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Namu nauyin

Ba za mu ɗora komi kan baƙo ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Masana'anta tana da abin gwada madara, in an zuba ruwa za ta gane, kuma jarka ɗaya mai ruwa takan ɓata sunan ruga duka. A wanke hannu da hantsa da mazubi, a kai madara da wuri, domin cikin zafinmu ƴan awoyi kaɗan take yi ta juya. Mai dafawa ya kai ta digiri 63 har minti 30, sannan ya sanyaya ta zuwa digiri 4. Saniyar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, kada a sayar da madararta sai kwanakin da likita ya faɗa sun cika. A bar wa maraƙi rabonsa, a bar wa yaran gida nasu. In an yi alkawari da wurin tarawa, kada a zagaya a sayar a gefe ranar da farashi ya hau. Kuma kowace sana'a ta samu littafin shiga da fita, ko da ɗan lakkol ne zai riƙa rubutawa, domin babu mai zuba jari inda babu lissafi.

Muna kuma roƙon kowace ƙungiya, in kun koma, ku zauna ku rubuta sunayen masu irin waɗannan sana'o'i a yankinku, mata da maza, da abin da kowa ke yi da abin da ya rasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da masu reno suka zo, mu ne za mu ce ga mutanenmu, maimakon su zaɓa mana. Ku shiga a ƙungiyance, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Yanzu fili naku ne, musamman iyayenmu mata, mu ji abin da kuka gani a wurarenku. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana bisashe, ya mai da kowa gida lafiya.