Jawabi kan wutar daji da lafiyar ƙasar kiwo



Duk shekara da an shiga rani, hayaƙi ya tashi a daji, sai a ce makiyayi ne. To, tun da da mu ake, ya kamata mu san abin da wuta ke yi wa ƙasar da dabbobinmu ke ci a kanta.

Idan ciyawa ta ƙone, abincin da ke jikinta yakan rabu gida biyu. Kashi ɗaya yana bin hayaƙi, wato sinadarin naitirojin, irin wanda manomi ke saye da tsada a buhun takin yuriya. Mafi yawan wanda ke cikin ciyawar iska yake bi. Kashi na biyu yana saura a toka: fotashiyam, kalsiyam da fosfaras. Toka dangin kanwa ce, kamar yadda iyayenmu mata suka sani wajen girki, shi ya sa take rage tsamin ƙasa na ɗan lokaci. Amma in iskar hunturu ta kwashe ta, ko ruwan fari ya wanke ta zuwa kwari, mun yi asarar duka biyun.

A cikin ƙasa kuma akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne, tare da gara, ke narkar da busasshiyar ciyawa da kashin shanu su zama taki. Zafin wutar ciyawa ba ya yin nisa a ƙasa. Halittun da ke sama-sama yake kashewa, na ciki su farfaɗo da saukar damina. Babbar illar ita ce yunwa. In ana ƙone abincinsu shekara da shekara, sai su ragu, ƙasa ta tsaya tsirara, ruwa ya riƙa gudu a kanta, har ta zama faƙo.

Jama'a, wuta ba iri ɗaya ba ce, daji ma haka. A kudu, wajen Gaya da ƙasar Benin inda muke zuwa cin rani, akwai gamba, wadda saiwarta ba ta mutuwa da rani. In aka sa mata wuta da wuri, a Nuwamba ko farkon Disamba, tana da sauran ɗanye kuma ƙasa na da laima, wutar takan wuce da sauƙi, ta bar tsibi-tsibi, gamba ta yi toho, kaska ta ragu. Haka ma'aikatan gandun daji na W ke yi. Amma wutar Maris da Afrilu tana cinye komai, har ƙananan itatuwa.

A arewa kuwa, wajen Abalak, Dakoro da Tanut, yawancin ciyawar irin su ƙarangiya ne, masu fitowa daga iri kowace damina. In ta ƙone, ba toho sai an yi ruwa. Busasshiyar ciyawar nan ita ce rumbunmu na wata takwas ko tara. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai ba mu san kasuwar toka ba. Ku fatake kun ga yadda farashin sa ke faɗuwa in yunwa ta sa kowa ya kawo nasa kasuwa.

Saboda haka ga kiranmu. A arewa kada a sa wuta sam. Mu share hanyoyin tare gobara tun da kaka, mu kashe wutar shayi kafin mu tashi daga mashekari. A kudu kada kowa ya kunna shi kaɗai. A zauna da sarakuna, manoma da ma'aikatan gandun daji, a tsai da rana da wuri, a ƙone wani gefe a bar wani ya huta. Muna kuma roƙon hukuma, duk inda za a yanke wannan shawara a kira makiyayi, domin garkensa ne ke biyan kuɗin kuskure.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana dukiyarmu.