Baƙo da Izinin Aiki a Nijeriya

Shiga ƙasa daban, izinin aiki a cikinta daban. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarje wa ɗan Afirka ta Yamma ya shigo Nijeriya ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma ba ta ba shi takardar zama ba. Sakaci da wannan ya jawo babbar hasara a Janairun 1983, sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka tashi, da yawansu mutanen Gana.

Wanda ya fito daga wata nahiya kuwa, kamfanin da ya ɗauke shi ne ke nemar masa gurbi a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sa'an nan Hukumar Shige da Fice ta ba shi katin zama da aiki. Izinin yana ɗaure da wannan gurbi.

Abin dubawa shi ne mutanen Nijar masu gadi da ga-ruwa a Unguwar Sanusi ta Kaduna. Ƙasarsu ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Wajibi ne hukuma ta fayyace musu matsayinsu tun rana ba ta ɓaci ba.