Sun Gani, Ba Su Ba Da Gaskiya Ba

Mu kan ce gani ya kori ji. To, yau zan ba ku labarin waɗansu mutane da suka gani da idanunsu, duk da haka suka ƙi ba da gaskiya. Labarin yana cikin Bisharar Yohanna, sura 11 da 12. Tun da yanzu kun iya karatu, ku buɗe ku duba da kanku.

Akwai wani ƙauye wai shi Betanya, misalin mil 2 daga Urushalima. A nan wani mutum mai suna Li'azaru ya yi ciwo ya rasu. Sai da ya kwana 4 a kabari kana Yesu ya iso. Ya sa aka kawar da dutsen bakin kabarin, ya kira shi da babbar murya, sai ga mamaci ya fito a naɗe da likkafani. Masu gaisuwar mutuwa suna tsaye suna kallo. Da yawa suka ba da gaskiya, amma waɗansu suka kai tsegumi wurin Farisiyawa.

Manyan firistoci da Farisiyawa suka tara majalisa. Ku lura, ba wanda ya ce abin ƙarya ne; da bakinsu suka yarda mutumin nan yana yin al'ajibai da yawa. Abin da ya dame su shi ne, in jama'a duka suka bi shi, Romawa za su zo su hallaka Haikalinsu da al'ummarsu. Kayafa, babban firist, ya ba da shawara a kashe Yesu. Daga baya har Li'azaru suka ƙulla kashewa, gama saboda shi mutane su ke bin Yesu. Abin da suka ji tsoro kuwa bai fasa ba: a shekara ta 70 Romawa suka rushe Haikalin.

Ni akawu ne. Na sha ganin an nuna wa mutum takardar bashi da dangwalen yatsansa a kai, ya rantse bai san ta ba. Idonsa lafiya lau, biya ne ba ya so.

Haka zuciyar ɗan Adam ta ke. Saboda haka, ɗan'uwana, kada ka ce, da na ga al'ajibi da na tuba. Kai dai tambayi kanka: in na bi gaskiyar da na riga na sani, mene ne na ke tsoron rasawa? Girma ne, ko riba, ko yabon abokai?

Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar bin abin da muka gani. Amin.