BASHIN TURAI, WA AKA SA YA BIYA?



Duk mai son ya yi maganar Falasɗinu da adalci, tilas ya fara amsa gaskiyar abin da aka yi wa Yahudawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Hitila ta Jamus da 'yan kanzaginta sun hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Musun wannan ba zai mayar wa Bafalasɗine ko taƙi ɗaya na gonarsa ba.

Kuma ba Jamus kaɗai ke da laifi ba. A 1938 ƙasashe 32 suka taru a garin Ebiyan na Faransa don duba matsalar Yahudawa masu gudun hijira. Kowa ya yi juyayi, amma kusan duka suka ƙi ƙara buɗe ƙofa. A 1939 jirgin ruwa mai suna St. Louis ya ɗauko mutum fiye da 900, Kyuba da Amurka suka hana su sauka, ya koma da su Turai. Har bayan yaƙi, a 1946, an kashe Yahudawa 42 a garin Kielce na Folan. Hujjar masu goyon bayan Isra'ila ke nan: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

To, amma manomin Falasɗinu ba shi ya tura kowa cikin ruwan ba. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanka wa Yahudawa fiye da rabin ƙasar, alhali ba su wuce sulusin mazaunanta ba. Larabawa suka ƙi, yaƙi ya ɓarke, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa matsuguni, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Ƙasashen da suka rufe ƙofofinsu a 1938 ba su ba da ko gunduma guda ba.

Abin da ya fi wuyar kārewa shi ne hana komawa, domin shi an yanke shi ne da gangan. A Disamba 1948 Majalisar ta ce a bar masu son zaman lafiya su koma gidajensu, ba a bari ba. A 1950 Isra'ila ta kafa dokoki biyu. Ɗaya ta ba kowane Bayahude a duniya ikon zuwa ya zauna, ɗaya ta damƙa gidaje da gonakin waɗanda suka gudu a hannun hukuma.