Ɗalibin da ya ce a turo masa fayil ɗin

Yau labarin wani ɗalibi zan ba ku da aikin gidan da aka ba shi. Ku ɗan yi haƙuri da alƙaluman da za su shigo, ba su da yawa.

A shekarar 2010, wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wata gajeriyar maƙala kan bashin da gwamnatoci ke ciwowa. Ba ƙananan mutane ba ne. Shi Rogoff farfesa ne a Harvard, kuma ya taɓa zama babban masanin tattalin arziki na IMF. Sun duba ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009, suka ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, tattalin arzikinta yakan tsaya cik, har ma ya ɗan ja baya da kashi 0.1.

Ku tuna lokacin. Duniya ba ta gama farfaɗowa daga rikicin kuɗi na 2008 ba, ana ta gardama: gwamnati ta ƙara kashe kuɗi ko ta tsuke bakin aljihu? Masu ra'ayin a tsuke sai suka samu makami. Paul Ryan a majalisar Amurka, Olli Rehn a Tarayyar Turai, George Osborne ministan kuɗin Birtaniya, duk sun kafa hujja da wannan aikin. Tsuke bakin aljihu kuwa kun san ma'anarsa a gidan talaka: a rage albashi, a sallami ma'aikata, a yanke tallafi.

To, ana nan sai ga Thomas Herndon, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. Malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, sun ba 'yan aji aiki: kowa ya zaɓi wata fitacciyar maƙala, ya maimaita lissafinta, ya ga ko zai samu amsa iri ɗaya. Ya zaɓi wannan. Ya yi, bai fita ba. Ya sake, bai fita ba. Malaman suka ce ya koma ya duba, wataƙila shi ne ya yi kuskure. Ai ko ni ne abin da zan ce kenan. Ɗalibi da farfesan Harvard, wa za ka fara zargi?

Daga ƙarshe ya rubuta wa marubutan ya nemi ainihin fayil ɗin da suka yi aiki da shi. A 2013 suka turo masa. Fayil ɗin Excel ne, irin wanda ke cikin kwamfutarka. Ya buɗe, ya danna akwatin da aka haɗa lissafin, sai ya ga an ja daga layi na 30 zuwa na 44, alhali ƙasashen sun kai layi na 49. Ƙasashe biyar an bar su a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak.

Nan yawancin masu ba da labarin suke tsayawa saboda ya fi daɗi, amma wannan kuskuren ba shi ne babba ba. An bar wasu shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu a waje. Sannan yadda aka auna ƙasashen: New Zealand shekara ɗaya tak ta shiga rukunin masu bashi mai yawa a lissafinsu, 1951, shekarar da tattalin arzikinta ya faɗi da kashi 7.6. Birtaniya ta shiga da shekara 19. Amma aka ba su nauyi ɗaya. Da Herndon da malamansa suka gyara duka, ja da bayan nan na 0.1 ya koma ci gaba na kashi 2.2.

A yi adalci: Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren Excel ɗin, sun musanta cewa da gangan suka cire wani abu, kuma sun tsaya a kan cewa bashi mai yawa yana tafiya tare da raguwar ci gaba. Ni kuma abin da nake yaba musu shi ne sun turo fayil ɗin. Da sun yi shiru, da Herndon ya gama aji yana ganin shi ne bai iya lissafi ba.

Wannan shi ne abin da ake nufi da buɗaɗɗen bincike. Kada ka tsaya a gaya mana sakamako. Ajiye alƙaluman da ka tattara, da kod ɗin da ka rubuta ko matakan da ka bi, a inda wani zai iya ɗauka ya maimaita. A 2015 wani gungun masana ya maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam da aka buga a manyan mujallu. Kusan kashi 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Ba wai sauran duk ƙarya ba ne. Amma kafin a gwada, kowa ɗauka yake zance ya ƙare.

Na san abin da wani zai ce: ni in sha wahalar tattara bayanai, wani ya kwashe ya rubuta maƙala da sunansa? Tsoron nan gaskiya ne, musamman ga mai bincike a Afirka da ba shi da kuɗi da kayan aikin da zai riga na waje bugawa. Kuma akwai wanda ya fi wannan ciwo. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron, suka sanar da duniya nan take, suka saki bayanan ƙwayar cutar. Ladan da aka ba su shi ne rufe wa ƙasashensu hanyar jirgi. Farkon Disamba Birtaniya ta haɗa da Najeriya. Wanda ya ga haka ya ce gobe zai yi shiru, ba zan ce ba shi da hankali ba. Sai dai shirun ba ya hana cuta tafiya, makantar da kowa kawai yake yi, har da mu.

Bari in dawo kan kaina. Lokacin da na yi furojet ɗina na ƙarshe a jami'a, na raba takardun tambayoyi, na kai wa wani a shagon kwamfuta ya yi min lissafin, ya ba ni tebura, na liƙa a babi na huɗu. Yau in ka ce in nuna maka yadda aka samo waɗannan lambobin, wallahi ba zan iya ba. Filas ɗin ta ɓata, takardun kuma ban san inda suka ƙare ba. Babu wanda ya tambaye ni a wajen kare aikin. Aikin yana can a kanta, an yi masa bango mai kyau, amma ko ni ba zan iya rantsuwa a kansa ba.

In kana kan naka yanzu, ajiye ɗanyen fayil ɗin yadda ka tattara shi, kada ka taɓa shi, ka yi gyare-gyarenka a kwafi. Buɗe wani fayil ka riƙa rubuta duk abin da ka yi: na cire mutum kaza saboda kaza. In wani ne ya yi maka lissafin, zauna kusa da shi. In ka gama, akwai Zenodo, wanda cibiyar CERN ke kula da shi, kyauta ne, kuma zai ba aikinka lambar DOI mai ɗauke da sunanka da ranar da ka saka, wadda ita ce shaidarka in wani ya kwafa. Kod kuma a GitHub. Amma kafin ka saki komai, goge sunaye, lambobin waya da duk abin da zai sa a gane mutum. Matar da ta faɗa maka ciwonta a asibiti ba ta yarda a saka ta a intanet ba, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane.

Herndon yana da shekara 28 lokacin da ya aika saƙon nan. Mu haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.