Daga Fadamun Kura Zuwa Zabarmari



Duk wanda ya tsaya a bakin magudanar ruwa tsakanin Kura da Bunkure da hantsi, ya ga ruwan madatsar Tiga yana malalowa cikin fangalolin shinkafa, samari sun naɗe wando suna dashe cikin taɓo har ƙwauri, lalle ya kamata zuciyarsa ta tuna da waɗansu manoma irinsu, waɗanda aka yi wa yankan rago a gonakin Koshebe, kusa da Zabarmari ta Jihar Borno, ranar 28 ga Nuwamba 2020, aka yi jana'izar arba'in da uku washegari. Allah Ya ji ƙansu da rahama. Laifinsu kurum shi ne sun fita girbi.

Na sani manomin Kura ba shi da ikon kashe wutar wannan fitina, amma yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji haramun ne, kuma musibar da ta kori bayin Allah daga Borno da Zamfara ta kawo waɗansunsu har ƙofar gidajenmu, suna neman ƙwadago, matansu na kalar shinkafa a bayan masu girbi. In baƙo ya zo, a ba shi aiki, a biya shi haƙƙinsa cif ba tare da tauyewa ba don an ga yana cikin larura. Mai fili ya ara masa fangali ko biyu.

Idan kuwa an auna zakkar bana, don Allah a fara da marayun da wannan fitina ta bari.